Sinigang ya fi sushi shiga raina

Gidajen abincin biyu suna kallon juna, na Japanawa da na 'yan Filifin. Na Japanawan tsaf yake, shinkafar sushinsu da ɗan tsami-tsami, ɗanyen kifin babu ƙarni ko kaɗan. Sai dai loma shida ce a faranti, ban ƙoshi ba.

Na 'yan Filifin kuwa ya tafi da ni. Sinigang ɗinsu na jatan lande romo ne mai tsamiya, ga kuɓewa a ciki, ina kurɓa gumi na karyo min. Adobon kazar ya sha tafarnuwa da binigar, naman har zamewa yake daga ƙashi. Wanda ba ya cin alade ya tambaya kafin ya yi oda, don girkinsu da yawa da shi ake yi.