Takalman kuloci na alminiyam ko na roba: amsa ga mai Savage

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗan uwanmu na Barnawa a Kaduna ya ce HPI Savage X 4.6 ɗin da ya saya ta hannu, wato ƙaramar motar wasa mai rimot da inji mai shan mai, ta fara ihu babu tafiya, da ya kwance sai ya tarar takalman kulocin sun narke sun manne a jikin kwanon kuloci. Mai sayarwa a intanet ya nuna masa iri biyu, na alminiyam da na baƙar roba mai haɗin kabon, shi ne yake tambayar wanne zai ɗauka, tunda a filin jar ƙasa yake wasa da ita.

Malam, a tawa fahimtar na alminiyam ne ya dace da motarka, amma da sharaɗi, kuma sharaɗin ya fi zaɓin muhimmanci.

Kulocin nan irin na mashin roba-roba ne, babu wanda ke matsa shi. Takalman suna zaune a kan fulawil, sifirin na riƙe da su. Idan inji na sulo suna kwance, mota na tsaye. Ka ba ta wuta, juyin inji ya buɗe su, su damƙi cikin kwanon kuloci, kwanon ya juya babbar giya. Tsakanin fara taɓawa da damƙa sosai akwai ɗan lokaci da takalmin ke zamewa, kuma a nan ne duk zafin ke fitowa. Bambancin roba da alminiyam kusan duka a wannan ɗan lokacin yake.

Na roba yana kamawa a hankali. Motar na tashi sumul, tayoyi ba sa tono a banza, kuma a kan jar ƙasa mai ƙura lokacin hunturu wannan ba ƙaramin amfani ba ne. Ba ya cin kwano, ba ya buƙatar kulawa sosai, ga araha. In fuskarsa ta yi sheƙi ka ɗan goga samfefa, shi ke nan. Matsalarsa ɗaya ce, ka kuma gan ta da idonka: zafi. Savage mota ce mai nauyin wajen kilo 5, ga manyan tayoyi, ga inji mai cc 4.6. Kafin wannan nauyin ya motsa, takalmin roba ya daɗe yana zamewa. In ta shiga yashi ko doguwar ciyawar damina ta maƙale kai kuma kana ta ba ta wuta, cikin ƙanƙanin lokaci robar za ta yi laushi ta fara shafewa a jikin kwano.

Na alminiyam shi damƙa yake yi. Zamewarsa gajera ce, motar na zabura, wani lokaci har ta ɗaga gaba. Ba ya narkewa, kuma ya fi daɗewa. Sai dai ƙarfe ne ke gugar ƙarfe, don haka abin da ka huta da shi a takalmi za ka biya a wani wurin. Yana cin cikin kwano sannu a hankali. Yana kai zafi ga ƙananan boris biyu da kwanon ke juyawa a kansu, su kuma da giris ɗinsu ya ƙone sun mutu. Babban abin da mutane ba sa sani sai ya same su shi ne gefen takalmin yana bajewa ya yi leɓe. Leɓen nan yana hana shi komawa mazauninsa, sai ka ga mota na rarrafe alhali inji na sulo, ko ka kama birki inji ya mutu. Da yawa sukan ɗora wa kafireto laifi su yi ta juya sukuru suna ɓata saiti, ashe magagari kawai ake buƙata. Wannan shi ne sharaɗin: duk bayan ka ƙone lita ɗaya ko biyu na mai, ka cire kwano, ka goge leɓen da ƙaramar magagari, ka share baƙar ƙurar da ta taru, ka juya boris da yatsa ka ji ko yana ƙarƙar. In ka san ba ka da wannan haƙurin, gara ka sayi na roba saiti biyu ka ajiye ɗaya.

Shi ma alminiyam ɗin ba iri ɗaya ba ne. Za ka ga an rubuta 6061 ko 7075. Na farkon ya fi taushi, ya fi saurin yin leɓe amma yana tausaya wa kwano. Na biyun ya fi tauri, ya fi daɗewa, kwano ne ke shan wahala. Mu da kaya ke ɗaukar makonni kafin su iso Kaduna, na fi son abin da zai ci kansa a kan wanda zai ci kwanona, don haka 6061 nake zaɓa.

Akwai masu haɗawa, tunda takalma uku ne: biyu na alminiyam ɗaya na roba, ko akasin haka. Masu tseren ƙananan motocin nan suna yin hakan don sassauta damƙar, kuma yana aiki. Ga mai wasa a fili dai ban ga dalilin sayen saiti biyu don a haɗa ɗaya ba.

Kada ka mayar da tsofaffin sifirin. Zafin da ya narka roba ya riga ya kashe ƙarfinsu. Yawanci kauri uku ake sayarwa, milimita 0.9 da 1.0 da 1.1. Siririn yana sakin takalmi da wuri, tun inji bai hau sosai ba, tashi ya yi laushi, amma in ya yi wuri da yawa inji kan shaƙe kamar an danne shi. Mai kaurin yana riƙewa sai inji ya hau sannan ya saki da ƙarfi, abin da ya dace da kwalta ko ƙasa mai riƙo, ba tamu mai santsin ƙura ba. Da alminiyam a jar ƙasa, fara da 1.0. In ka ga tayoyi na tono maimakon tafiya, koma 0.9. Lokacin sakawa ka kare idonka, sifirin ɗin nan tsalle yake, in ya faɗa ƙasa kuma sai dai haƙuri. Ka ɗauki hoton tsohon da waya kafin ka cire, don takalman suna da fuskar da suke kallo.

Wani zai ce zafin Kaduna na watan Maris da Afrilu ne ya narka naka. Yana ƙarawa, amma kaɗan ne idan aka gwada da zafin zamewa. Ka nemi ainihin dalilin, in ba haka ba sabon ma zai sha wuya. Duba ko sulon ya yi sama har takalman na gugar kwano mota na tsaye. Duba ko birki na riƙewa, ko wani boris na taya ya kame saboda ƙura. Duba tazarar haƙoran kwano da babbar giya: sa siririyar takarda tsakaninsu, ka matse, ka ɗaure injin, ka zare takardar. Sannan ka tabbata mai ba ya tsatsowa daga gaban inji yana jiƙa takalman, don kulocin da ya sha mai zamewa zai yi ko da me aka ƙera shi.

Kwanon da robar ta manne a ciki, ka kankare shi tas ka goga samfefa. In ya yi launin shuɗi ko ya yi kwari a ciki, canza shi, ka nemi mai ramukan shan iska da haƙora daidai da na da. Boris ɗinsa masu rami milimita 5 da faɗi milimita 10 ne, ka sa su da yawa a cikin odar, ba su da tsada kuma su za ka fi canzawa.

Na san wani zai kawo shawarar a kai tsohon takalmin wajen masu ƙira na kasuwar Panteka a sassaƙa irinsa. Gwanintar mutanen can ba abin musu ba ce, sai dai abin da ke juyawa wajen sau 30,000 a minti ɗaya yana bukatar takalma uku masu nauyi ɗaya cif. Ɗan bambanci kaɗan zai sa girgizar da za ta kashe boris ɗin gaban inji, wanda ya fi takalman tsada da wahalar samu.

Masu motocin T-Maxx da Revo na kamfanin Traxxas, wannan shawarar ba taku ba ce kai tsaye. Kulocinku takalma biyu ne da sifirin ɗaya da ya zagaye su, kuma injin TRX 3.3 bai kai na Savage girma ba. Na roban da kamfanin ke sakawa yana isa muddin sulo na daidai. Kafin kowa ya biya kuɗi, ya ƙirga sandunan da ke kan fulawil ɗinsa, biyu ne ko uku, don takalmin wannan ba ya shiga na wancan.