Shaun of the Dead: na sake kallonsa, wannan karon tare da ƙanena

Daren Juma'ar da ta wuce ƙanena ya shigo da kwamfutarsa yana zumuɗi, wai ya samo wani tsohon fim ɗin zombi da zai kashe ni da dariya. Da na ga sunan sai na ce masa, yaro, wannan kana firamare na kalle shi a faifan DVD. Shaun of the Dead ne, fim ɗin Ingila na 2004 wanda Edgar Wright ya ba da umarni, suka rubuta shi da Simon Pegg, shi Pegg ɗin kuma ya fito a matsayin Shaun. Minti 99 ne, wuta ma ta yi mana kara ba a ɗauke ba.

Labarin ba shi da wani kwana-kwana. Shaun ɗan shekara 29 ne, yana aiki a shagon sayar da kayan lantarki a arewacin Landan, yana zaune da abokinsa Ed, wani cima-zaune da ba ya taɓuka komai sai buga gem. Budurwarsa Liz ta gaji da yadda kullum hirarsu ba ta wuce mashayar Winchester, ta ce kowa ya kama gabansa. Gari na wayewa matattu suka tashi suka shiga cin mutane.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne tafiyar Shaun zuwa kantin unguwa. Sau biyu aka nuna ta, kowanne ɗauka guda ba yankewa. Ta farko lafiya lau. A ta biyu gilashin mota ya fashe, ga shatin hannu na jini a jikin firjin kantin, har santsin jini ya kusa kayar da shi, amma gogan naka bai lura ba, ya ɗauki lemonsa da askirim ɗin Cornetto ya koma gida. Tun a buɗe fim ma an nuna masu jiran bas da ma'aikatan kanti, ido a kafe, jiki a mace, kafin ko mutum ɗaya ya zama zombi. A lokacin waya mai madannai ake riƙewa. Yau da kowa ya sunkuyar da kai a kan gilashin wayarsa, wannan zolayar ta fi cizo. Ina faɗa wa ƙanena haka, na juya na same shi yana duba WhatsApp.

Wancan karon dariya kawai na sha, musamman wurin da suke zaɓen faifan garmaho da za su jefi matattu da shi, suna gardamar wanne ya cancanci a fasa, da wurin da suka yi wa mai mashayar da ya zama zombi taron dangi da sandunan sunuka daidai da kiɗan ƙungiyar mawaƙa ta Queen. Wannan karon wani abu daban ya kama ni. Shaun agola ne. Duk wanda ya kira Philip, mijin mahaifiyarsa, babansa sai ya yi caraf ya ce ba ubansa ba ne. Sai da aka ciji Philip, yana gargara a bayan mota, sannan ya gaya wa yaron cewa duk tsananin da ya yi masa so ne, yana son ya ga ya zama mutum. Bill Nighy ya yi wannan fitowar ba tare da wani ihu ba. Daga baya kuma mahaifiyarsa Barbara ta ɓoye cizon da aka yi mata don kada ta tayar wa ɗanta hankali, har ta kai shi ne zai ɗora mata bindiga. Ɗakin namu ya yi tsit.

A ganina a nan ne masu kwaikwayon fim ɗin suka gaza. Ba shi ne ya fara haɗa matattu da barkwanci ba, akwai The Return of the Living Dead tun 1985, amma bayansa ne abin ya zama kasuwa: Zombieland a Amurka a 2009, Juan of the Dead a Kyuba, sai Go Goa Gone na Indiya a 2013 wanda Saif Ali Khan ya fito da gashi rine. Na kalli na Amurka da na Indiya, na yi dariya, amma ban tuna mutuwar kowa a ciki da ta dame ni ba. George Romero kuwa, wanda daga fim ɗinsa Dawn of the Dead na 1978 aka ari sunan, ya ji daɗin abin har ya sa Wright da Pegg suka fito a matsayin zombi a Land of the Dead a 2005.

Shaun of the Dead yana da nasa aibun. Kusan rabin fim ɗin a mashaya ake, bakin Ed ba linzami, kuma yadda aka yayyaga David, abokin Liz, a taga ba abin da za a kalla ana cin tuwo ba ne. Kada a kunna shi a gaban yara ko surukai. Turancin nasu ma na 'yan Landan ne, da sauri, sai da muka sa rubutun ƙasa.

Ƙorafin ƙanena daban ne. Shi ya saba da irin zombin fim ɗin Koriya Train to Busan masu gudu kamar an saki karnuka, ya ce waɗannan ko tsohuwa mai sanda za ta tsere musu. Na ce to ka ƙirga mutum nawa suka shiga Winchester, nawa suka fito da rai. Ya yi shiru yana lissafi da yatsu, can ya tambaye ni ko ina da Hot Fuzz, wanda Wright da Pegg da Nick Frost, mai fitowa a matsayin Ed, suka sake haɗuwa suka yi a 2007.