Wa ya fi dacewa ya rubuta maka wasiƙar shaida zuwa jami'o'in Amurka?

Kafin ka tunkari kowa, duba abin da jami'ar ta nema, don kowace da tsarinta. Jami'ar MIT na son wasiƙa biyu daga malamai, ɗaya na lissafi ko kimiyya, ɗaya na fanni irin su adabi, tarihi ko harshe. Jami'ar Kalifoniya kuwa ba ta neman wasiƙa lokacin cike fom.

Inda aka nema, malamin da ya koyar da kai a aji shi ne kan gaba, musamman na aji 11, shekarar da ke kafin ta ƙarshe. Ya daɗe da kai, kuma bai manta ka ba. Da yawa suna rugawa wurin malamin da ya ba su maki mafi yawa. Ni dai na fi son wanda ya ga ɗalibi ya sha wuya a darasi, ya dage har ya gane. Makin yana cikin takardar sakamako, masu tantancewa sun riga sun gani. Abin da ba su sani ba shi ne yadda kake tambaya, da halinka idan aiki ya cije.

Malamin ba da shawara na makaranta ba zaɓi ba ne sosai, shi ke tura rahoton makaranta ta Common App, shafin intanet da ake neman jami'o'i da yawa da fom ɗaya. Matsalarsa yawan ɗalibai, wataƙila da kyar ya san fuskarka, don haka rubuta masa taƙaitaccen bayani a kanka.

Koci ko shugabanka a wurin aiki ƙari ne kawai, kuma sai idan zai faɗi abin da malamai ba su gani ba. Shi kuwa babban mutum, sanata ko mai kamfani abokin mahaifinka, sunansa ba ya cike gurbin rashin saninka. Wasiƙarsa yabo ce fanko. Iyaye da dangi ma a bar su, sai dai jami'ar Dartmouth na ƙarfafa a kawo shaidar aboki ko ɗan'uwa tsara.

Ko wa ka zaɓa, ba shi aƙalla wata guda, ganin cewa zagayen masu neman gurbi da wuri yakan rufe tun 1 ga Nuwamba. Fom zai kuma tambaye ka ko ka yafe haƙƙin karanta wasiƙar ƙarƙashin dokar FERPA ta 1974, dokar Amurka mai kare bayanan karatun ɗalibai. Ka yafe, jami'o'i sun fi yarda da wasiƙar da ɗalibi bai gani ba.