Fijo 504, Boswaja, Marsandi ko Besfa: wacce tsohuwa ya kamata ka fara saya?

In sha'awar tsohuwar mota ko tsohon mashin ta kama ka, abu na farko da za ka tambaya ba wai nawa ake sayarwa ba ne, tambaya ita ce waye zai gyara maka ita a garinku kuma ina za ka samo kayanta. Kuɗin saye kam shi ne mafi sauƙi a cikin harkar nan, wallahi. Kuma ka cire ranka da cewa za ka yo odar wata daga Turai, domin kwastan suna da iyakar shekarun motar da ake bari a shigo da ita, irin waɗannan kuwa duk sun wuce iyakar tuntuni, don haka abin da ke cikin ƙasa shi za mu tattauna a kai, waɗanda ke kwance a gareji ko bayan gidan wani dattijo an lulluɓe da tampol.

Bari in fara da Fijo 504 tunda ita ce tamu. A Faransa ta fito a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, amma mu abin da ya dame mu shi ne kamfanin PAN da ke Kakuri a Kaduna ya fara harhaɗa Fijo a 1975 kuma ya ci gaba da fitar da 504 har bayan shekarar 2000, lokacin da Faransawan kansu sun daɗe da mantawa da ita. Wannan shi ne babban ƙarfinta. Gwamnati ta hau, 'yan kasuwa sun hau, 'yan tasha sun yi lodin Kano zuwa Jos da wagon ɗinta har suka gaji, saboda haka kusan duk tsohon bakanike a Arewa da ita ya koyi aiki, ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna da wuya ka fito ba ka samu abin da ka je nema ba, ko sabo ko na kwance. Injinta mai lita 2 ba shi da kwamfuta ba shi da wani sansa, kafireto ne da fulogi da kwayil, tayoyin baya ke ja, ga ta da tsayi daga ƙasa, ga shokozoba mai laushi da ke shanye ramuka. Matsalarta ita ce yawancin waɗanda suka rage sun sha wuya, an yi kabu-kabu da su an yi ta faci, wata ma in ka buɗe bonet za ka tarar injin wata motar daban aka dasa mata. Nemi salun wadda ta zauna a hannun mutum ɗaya, ko da fentinta ya ƙoƙe, ta fi wadda dillali ya watsa wa sabon fenti makon jiya. Yayarta 404 mai giya a jikin sitiyari ta fi ta jan ido, gaskiya ni ma ta fi burge ni, sai dai gilashinta da fitilunta da bambarta nemansu aiki ne, kar ka fara da ita.

Sai Volkswagen Beetle, Boswajar iyayenmu. Ita ma an harhaɗa ta a nan, a Ojo ta Legas daga 1975, kuma a duniya an yi sama da miliyan 21 kafin a rufe da ta ƙarshe a Meziko a 2003, shi ya sa har yau ana ƙera mata sabbin kaya a waje, in kana iya oda ta intanet za ka samu kusan komai. Inji a baya yake, babu lagireto, iska ce ke sanyaya shi. Mutane suna jin haka sai su ce ai shikenan an huta da zafin inji, to ba haka ba ne malam, fanka ce ke hura iskar kuma bel ɗaya ne ke juya ta, in ya tsinke a zafin Afrilu tsakanin Gusau da Sakkwato ka ci gaba da tafiya to ka dafa inji. Ka duba faifan ƙarfen nan da suka kewaye injin da robar da ke gefensu, yara a gareji suna yawan cire su su yar wai ba su da amfani, alhali su ne ke bi da iska ta kan silinda. Sannan ka ɗaga kujerar baya, a nan batir yake, ruwansa yana cinye ƙasan motar, in ka hango ƙasa ta wurin to ka san akwai aikin walda a gabanka. Masu gyaranta na gaske sun yi ƙaranci, wannan shi ne abin tsoron.

Marsandi kuwa, ina nufin W123 da aka yi daga 1976 zuwa tsakiyar shekarun 1980, wadda ta zo kafin V-boot, ba ta da na biyu wajen ƙwari da kwarjini, ƙarar rufe ƙofarta kaɗai ta isa ta sa ka biya. Mai dizal ɗin kamar 240D ba ta da gudu ko kaɗan amma injinta ba ya mutuwa da wuri. Sai dai komai nata da tsada, kuma tana da siraran bututun iska da ke kulle ƙofofi, a mai dizal ma su ne ke kashe inji, in suka tsufa suka fara yoyo sai ka zare makulli mota ta ƙi mutuwa. Mai aljihu da haƙuri ya saya.

A ɓangaren mashin zaɓin ya fi sauƙi. Besfa, wato Vespa ta kamfanin Piaggio na Italiya da ta fara fitowa a 1946, ita ce ta malaman makaranta da alhazan kasuwa, mutum ya hau da babbar riga ba abin da zai taɓa shi, ga safaya taya a gefe. Giyarta a hannun hagu take tare da kuloci, wayoyi ne ke ja, sai ka saba. Injinta irin mai shan fetur haɗe da baƙin mai ne, ka manta ka zuba mai sau ɗaya fistin ya kama. Jikin nata shi ne firam ɗinta gaba ɗaya, don haka tsatsa a wurin ajiye ƙafa ba maganar kwalliya ba ce, mashin ɗin ne ke shirin karyewa. Ka kuma lura, Bajaj ta Indiya ta yi mai kama da ita sak, ba laifi ba ne ka saye ta amma kar a sayar maka da ita a kuɗin 'yar Italiya. Honda CG125 da ta fito a 1975 da kuma Super Cub, kakar roba-roban yau, wadda aka fara a 1958, su ne na ɗan koyo, saboda 'yan China sun kwafi injinansu har kayan sun cika kasuwa, kowane mai gyaran mashin a bakin titi zai taɓa maka. Illar hakan ita ce da yawa tambarin Honda ne kawai a tanki, injin na China ne, sai ka tsuguna ka karanta lambar da ke jikin inji. Honda Roadmaster mai silinda biyu da salansa biyu akwai daɗin ƙara, kayanta ne sai an tona.

Ko wacce ka zaɓa, ka je da sassafe ka ce kar a tayar kafin ka iso, ka taɓa injin da hannunka ka ji da sanyi, sannan a tayar a gabanka. Hayaƙi shuɗi mai take ci, banda Besfa da dama tare da fetur take ƙona shi, a mai lagireto kuwa fari mai kauri da ya ƙi ɗaukewa ruwa ne ke shiga, ka buɗe murfin baƙin mai in ka ga ya yi kalar shayi da madara to gasket ya tafi. Ka tafi da ɗan maganaɗisu a aljihu ka riƙa manna shi a ƙasan ƙofofi da gefen but da kewayen gilashin gaba, duk inda ya ƙi kamawa fila aka cika wurin da ita aka shafe da fenti. Inji ana saukewa a gyara cikin sati, amma bodin da tsatsa ta ci zai iya zaunar da kai wajen mai walda shekara guda.

Takardu kuma kar ka yi wasa, lambar shasi ta dace da abin da ke rubuce, in motar gado ce ka tabbata duk magada sun yarda kuma a yi rubutu da shaidu. In ka ci karo da wadda sitiyarinta ke dama, to mai yiwuwa tun kafin Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a 1972 ta shigo, abin tarihi ce amma 'yan kiyaye haɗurra ba sa yarda da irinta a titi, sai dai ajiya.

In ni za a tambaya, mai neman mota ya fara da 504 salun, mai neman mashin ya fara da CG, Boswaja da Besfa sai ka riga ka samu dattijon bakaniken da ya san su ka je da shi wajen ciniki. Kuma duk abin da ka biya ka ware kusan kamarsa a gefe, tayoyi da birki da wayarin za su fara cinye shi kafin a zo maganar fenti.