Zagayen kufan birnin Rum kan dokokin aure da luwaɗi: abin da na samu da kuɗina

Duk lauya ko ɗalibin shari'a da Allah ya kai birnin Rum, shawarata gare shi kada ya tsaya ga yawon da ake kai kowa, a nuna maka Kolosiyam, ka ɗauki hoto, a wuce. Akwai ƙananan kamfanoni masu shirya zagaye na musamman a tsohon dandalin birnin, wato Forum, da tudun Palatino da ke samansa. Wanda na biya, jigonsa dokokin aure da kamun kai na Rumawan dā. Na yi rajista ta intanet, muka haɗu da safe a bakin tashar Colosseo, mu kaɗan, kowa aka ba shi na'urar saurare ya maƙala a kunne.

'Yar jagorarmu dattijuwa ce da ta karanci tarihin shari'a, kuma ba ta ɓata mana lokaci kan tsawon ginshiƙai ba. A gaban zauren majalisar dattawa ta tsayar da mu, ta fara da maganar bashi. A zamanin farko, wanda ya kasa biya yakan jinginar da kansa ga mai kuɗin. Wani saurayi, Publilius, ya shiga hannun wani mai ba da bashi, Papirius, saboda bashin mahaifinsa. Papirius ya neme shi da lalata, ya ƙi, aka tuɓe shi aka zane. Yaron ya fito titi yana nuna bayansa, jama'a suka yi dafifi zuwa ƙofar majalisa. A nan masanan tarihinsu suka ce aka samo dokar 326 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), wadda ta hana ɗaure ɗan ƙasa saboda bashi. Tun daga wannan labarin na gane inda ta nufa.

Sai ta shiga dokar Scantinia, tsohuwar dokar Rumawa kan lalata tsakanin maza, wadda ita ce ta kawo yawancinmu. A nan na yaba da gaskiyarta. Ta faɗa mana kai tsaye cewa rubutun dokar ya ɓace, ambatonta kawai ya saura a wasiƙu da littattafan tarihi, masana kuma sun saɓa kan shekarar da aka yi ta. Wasu suna cewa 149 kafin miladiyya, wasu suna danganta ta da shari'ar wajajen 226, lokacin da wani babban ɗan siyasa, Marcellus, ya kai ƙarar wani mai muƙami, Scantinius Capitolinus, kan neman ɗan Marcellus da lalata. An kira yaron gaban dattawa, kunyarsa da hawayensa suka isa shaida, aka ci mutumin tara. Abin da ya tabbata shi ne dokar tana kare yaro ɗa, wanda aka haifa cikin 'yanci. Irin wannan yaron yana sa riga mai jan baki, yana rataye da wani ƙulli a wuya kamar laya, don kowa ya gan shi ya san ba a taɓa shi. Ko bin sa a hanya da maganar banza, ko janye mai rakiyarsa, laifi ne da ake kai ƙara a kansa.

Bawa fa? Wata ɗaliba ce a cikinmu ta yi tambayar, amsar kuma ita ce ta fi tsaya mini a rai. Babu abin da dokar ta tanadar masa a gaban ubangidansa. Yaro bawa dukiya ne, abin da aka ga dama a yi da shi. Shekaru ina jin ana kiran Scantinia dokar hana luwaɗi, alhali damuwarta ita ce martabar ɗan ƙasa: wane ne aka taɓa, ɗan wa ne. Zuciyata ta yi nauyi ƙwarai da tunanin yaran da suka yi hidima a gidajen da muke takawa a kan kufansu, ba su da alƙalin da za su kai wa kuka. Dattijuwar ba ta yi wa wannan kwaskwarima ba, kuma don haka na girmama ta.

Ta kuma nuna mana yadda 'yan siyasa suka mayar da dokar makami. A shekara ta 50 kafin miladiyya, wani ɗan siyasa, Caelius, ya rubuta wa shahararren lauya Cicero cewa Appius Claudius, mai muƙamin sa ido kan ɗabi'un jama'a, ya sa an tuhume shi da ita, shi kuma nan take ya mayar masa da tuhuma iri ɗaya. Daga baya Sarki Domitian ya hukunta wasu manya da ita.

Da muka hau Palatino sai batun Sarki Augustus da dokar zina ta shekara ta 18 kafin miladiyya, wadda ta fitar da zina daga hurumin iyali ta mayar da ita laifin da hukuma ke bi. Miji da ya kama matarsa dole ya sake ta, in ya yi shiru a tuhume shi da kawalci. Shi da mahaifinta suna da kwana 60 na shigar da ƙara kafin wani bare ya samu dama. Idan laifi ya tabbata, a kora mazinatan biyu tsibirai daban-daban, namiji ya rasa rabin dukiyarsa, mace ta rasa rabin abin da ta zo da shi gidan aure da sulusin dukiyarta. A shekara ta 2 kafin miladiyya Augustus ya kori 'yarsa Julia saboda zina zuwa tsibirin Pandateria, wanda yau ake kira Ventotene.

Yanzu ga inda kamfanin ya gaza. Tallarsu ta sa na ɗauka za mu shiga gidan Augustus, sai a ƙofa muka ji tikitinmu bai haɗa da shi ba, akwai wani mai tsada da ake saya dominsa. Hakkin mai saye ne a gaya masa wannan tun kafin ya biya. Na'urar kunnen ma tana ƙara da zarar ka ɗan yi nisa da mai magana. Sannan lokaci ya ƙure, aka dunƙule zamanin sarakunan Kirista cikin 'yan mintuna a tsaye: dokar shekara ta 342 miladiyya, ta shekara ta 390 mai hukuncin ƙonawa, da dokokin Sarki Justinian da suka ɗora alhakin yunwa da girgizar ƙasa da annoba a kan masu luwaɗi. A nan ne fa aka daina tambayar ɗan wa aka taɓa, aikin kansa ya zama laifi. Sauyi mai girma irin wannan ya cancanci a zauna a inuwa a yi masa bayani.

Idan za ka yi rajista, ka rubuta musu tukuna ka tambayi wuraren da tikitin ya ƙunsa, ka kuma tabbatar jagoran masanin shari'a ne. Zaɓi zagayen safe, don inuwa kaɗan ce a dandalin. Sa takalmi mai riƙe ƙafa saboda duwatsun hanyar, ka riƙe gorar ruwa, akwai famfunan sha kyauta a ciki. Kuma kada ka je da ƙananan yara, domin ana faɗin abubuwa ba sakayawa.