Faifan Tabula Rasa da marsiyyar da babu magana a cikinta

Ɗan yayata da ke karatu a Jamus ne ya taho mini da faifan nan da ya zo hutun babbar sallah. "Kawu, ga abin da ka dame ni da shi," in ji shi. Sunan faifan Tabula Rasa, kamfanin ECM ya fitar da shi a 1984, kuma duk kiɗan da ke ciki na Arvo Pärt ne, mutumin Istoniya. Kiɗa huɗu ne, amma saboda na biyun na sa aka sayo mini, wato Cantus, wanda ya tsara a 1977 don tunawa da Benjamin Britten, mai tsara kiɗa na Ingila da ya rasu a watan Disamba na 1976.

Abin da ya ja ni shi ne mutanen biyu ba su taɓa haɗuwa ba. Pärt yana zaune ƙarƙashin Tarayyar Sobiyet a lokacin, bai daɗe da gane darajar kiɗan Britten ba, yana ta burin wata rana su gana, sai labarin mutuwa ya riga shi. Na san wannan ciwon. Akwai wani malami da na shekara goma ina cewa zan je gaishe shi, sai ta'aziyyarsa na je.

Kiɗan bai fi minti biyar ba. Babu ganga, babu abin busa, babu murya. Ƙararrawa ɗaya ce da tarin kayan tsirkiya dangin goge, daga ƙanana har manyan nan da ake kaɗawa a tsaye. Ƙararrawar ke buɗewa a hankali har sau uku, sannan ƙananan gogen su kamo daga can sama suna gangarowa. Kowane rukuni da ya shigo layin nan dai yake bi, sai dai tafiyarsa rabin saurin na gabansa ce. Da ya kai ga manyan, sai ka ji kamar 'yan rakiyar gawa, matasa a gaba, tsofaffi na jan ƙafa a baya, duk wuri ɗaya suka nufa. Makaɗan birnin Stuttgart ƙarƙashin Dennis Russell Davies ba su yi gaggawa ba, ba su kuma ja shi har ya gundura ba. A nan na fi yaba musu.

Sauran ukun ma suna da daɗi, musamman na farko inda Gidon Kremer ke goge, Keith Jarrett na fiyano.

Shawarata ga mai son saye, kada ya saurara ta lasifikar waya ko a mota. Ranar farko na saka shi janareton maƙwabci na ruri, ban ma ji ƙararrawar farko ba. Sai da na bari bayan isha'i, yara sun kwanta, na sa abin saurare a kunne. A ƙarshe gogen duka suka taru a kan amo ɗaya mai nauyi, suka riƙe shi, suka yanke lokaci guda. Ashe an riga an buga ƙararrawar a ƙarƙashinsu ban ji ba, sai amonta kawai da ya rage yana dusashewa. Na daɗe zaune kafin na cire abin daga kunnena.