Kemis ɗin da ya hana ni maganin da na zo saye

Satin da ya wuce ƙaramin ɗana ya kwana da zazzaɓi, ga sanyin Jos ɗin nan na hunturu, da asuba na fita na nufi wani kemis da ke gefen titin Bauchi wanda maƙwabcina ya daɗe yana yi min maganarsa. Niyyata in sayi amoksil, maganin kashe ƙwayoyin cuta, da maganin maleriya in koma, kamar yadda muka saba. Matar da ke wurin ta ce "Malam, an gwada jininsa?" na ce a'a, ta ce to a kawo yaron. Wallahi raina ya ɗan ɓaci dan sai da na sake biyan kuɗin keke. Ta ɗan soki yatsarsa, bayan kamar minti 15 gwaji ya nuna maleriya ce, ta ba ni maganinta daidai nauyinsa, amoksil kuwa ta ce sai da takardar likita, babu roƙon da ban yi ba.

Abin da ya fi burge ni shi ne kafin ta miƙo min kwalin sai da ta nuna min lambar NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, da ranar lalacewa, ta sa na kankare wurin nan mai ruwan azurfa da kaina na tura lambar ta tes, kyauta, amsa ta dawo cewa na gaske ne. Tsarin nan tun 2010 NAFDAC ta fito da shi amma ni ban taɓa ganin mai shagon da ya ce in gwada ba sai ita. Kuma wanda ya tuna My Pikin, maganin haƙorin yara da ya kashe yara 84 tsakanin 2008 da 2009 saboda gubar da ke lalata ƙoda, ya san kwalba ɗaya ta isa ta jefa gida cikin makoki.

Gwamnati ta kafa NAFDAC a 1993, tsohuwar shugabarta marigayiya Dora Akunyili ta yi yaƙi da jabun magani har aka harbi motarta, a 2018 kuma aka hana maganin tari mai kodin. Duk da haka ka je kasuwar Taminus ko tasha yau za ka ga mai tire ɗauke da kafso da tiramol cikin rana yana tallan su kamar gyaɗa, kuma mutane na saye, ba dan ba su san haɗarin ba, aljihu ne ya yi ƙasa. Hukuma ta buga lamba a kwali amma ba ta tsaye a shago lokacin da uwa ke ƙirga canjinta, wanda ke tsaye a wurin shi ne mai shago, in ya ji tsoron Allah an tsira.

Inda masu kemis ɗin nan suka gaza, tsada. Maganinsu ya ɗara na waje sosai, layi ga tsawo da yamma, benci ɗaya ne kacal, kuma POS ɗinsu netwok na yawan ba da matsala, ku taho da tsabar kuɗi. Amma firij ɗinsu na kan sola, na gani da idona insulin, allurar masu ciwon suga, a ciki da sanyinsa alhali babu wuta a unguwar tun dare.

Yaro dai alhamdulillah kwana uku ya miƙe. Maganin hawan jinin Hajiyarmu ma can na mayar da sayensa.